Karayar Shaf da Canjin Bakasil: Nazari a kan Tsohuwar Fijo 504 a Hanyoyin Bagauda

A tsakiyar shekarun 1970, Fijo 504 takan ratsa ƙasar Bebeji da Kiru tun tana cikin akwatuna, kafin ta zama mota. Kamfanin PAN na Fijo, wanda aka kafa a 1972, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, daidai lokacin da tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti. Sai aka koma ɗauko kayan ta sama. Jiragen dakon kaya na kamfanin UTA su taso daga Liyon ta Faransa su sauka a Kano, manyan motoci su kwashi akwatunan su miƙa hanyar Zariya, su wuce Kura da Ciromawa da Kwanar Ɗangora. Daga baya motar ta dawo ta wannan hanyar da ƙafafunta, wata da lambar gwamnati, wata ta shiga haya. A shekarun ne kuma aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya buɗe, kayan gona suka ƙaru. Motar da tattalin arzikin yankin kusan tare suka tashi.

Faransa ta fito da 504 a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, kuma da ita Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. Faransawa sun daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. A Turai yau motar kayan tarihi ce, ana goge ta a fito da ita ranar biki. A kudancin Kano, 'yan kaɗan da suka rage, wagon da akori-kura, har yanzu ci da guminsu suke yi ranar kasuwa. Duk an yi musu sauye-sauye, duk kuma wuri ɗaya suke kawo ƙara: ƙafar baya. Abin da nake son nunawa shi ne, karayar shaf ba ita ce cutar ba. Saƙo ce daga wani canji da aka yi wa motar a wani wuri dabam, kuma wanda ya sa sabon shaf ko ya ɗora bakasil "mai ƙarfi" bai karanta saƙon ba, ya matsar da karayar ne kawai zuwa ƙarfen da ya fi tsada.

Sai an fara da sanin aikin abin. Idan mota ta sha kwana, tayar waje tana cin tafiya fiye da ta ciki. Tsakanin tayoyin baya na 504 akwai kimanin mita 1.4, saboda haka idan direba ya juya ya koma inda ya fito, tayar waje ta fi ta ciki tafiyar kusan mita huɗu da rabi, ko kwanar mai faɗi ce ko matsattsiya. Da ƙarfe ɗaya ne ya ɗaure su, dole ɗaya ta riƙa jan ƙasa. Maganin wannan shi ne tukunyar da ke tsakiyar ƙafar baya, wadda kanikawa ke haɗa ta da gidanta duka su kira bakasil. Wani Bafaranshe mai gyaran agogo, Onésiphore Pecqueur, shi ya yi rajistar dabarar a 1827, tun kafin a san motar fetur. A ciki akwai finiyo, ƙaramar giyar da farfela ke juyawa, tana cizon babban faifai mai haƙora da ake kira kirawun. Kirawun yana ɗauke da wasu ƙananan giyoyi, su ne ke raba juyi tsakanin shaf na dama da na hagu. Aiki uku ke nan a tukunya ɗaya: ta karkata juyi daga tsawon mota zuwa faɗinta, ta rage gudu ta ƙara ƙarfi, ta kuma bar kowace taya ta yi gudun da kwana ta nema.

Ƙafar bayan 504 ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan masu sayen kaya kan fara yin kuskure. Salun na asali kowace taya zaman kanta take yi: tukunyar a ɗaure take da jikin mota, gajerun shaf biyu masu gaɓa suna fita daga cikinta. Wagon da akori-kura, da salun mai sauƙin kuɗi samfurin L da ya fito a 1973, bakasil ɗinsu miƙaƙƙe ne, bututu ɗaya daga taya zuwa taya, shaf yana ciki. Wagon yana zaune a kan naɗaɗɗen sifirin huɗu, biyu kowane gefe. Akori-kura a kan sifirin mai falle-falle. A miƙaƙƙen bakasil na ƙananan motoci, shaf aiki biyu yake yi a lokaci guda. Yana murɗa taya, kuma bakinsa na waje yana ɗauke da nauyin mota ta kan boris. Manyan motoci ba haka suke ba: nauyi na kan bututun, shaf murɗawa kawai yake yi, shi ya sa idan na tirela ya karye takan tsaya cik da tayoyinta. Na ƙaramar mota in ya karye ta wajen boris, taya na iya ficewa da gangar birkinta ta bar motar a kan hanya.

Nawa ne nauyin murɗar da shaf ke sha? Injin 504 mai lita biyu yana ba da ƙarfin murɗa kusan niyutan-mita 160. Giya ta ɗaya tana ninka shi wajen sau 3.6. Bakasil na salun mai finiyo haƙori 9 da kirawun haƙori 35 yana sake ninkawa sau 3.89. Abin da ya isa tayoyi ya haura 2,200, kowane shaf ya ɗauki wajen 1,100. Wannan a tashi na lalama ke nan. Direban da ya taka totur ya saki kuloci farat ɗaya, don ya fisge motar da ta nutse a bakin gonar shinkafa, bugun da yake aikawa ya wuce wannan lissafi nesa. Mafi muni shi ne tayar da ke wulwulawa a laka ta cafki busasshiyar ƙasa kwatsam. Duk gudun da ta tara a shaf yake sauka.

Duk da haka, mafi yawan shaf ba a rana ɗaya suke mutuwa ba. Bayan haɗarin jirgin ƙasa na Basai, kusa da Paris, a 1842, wanda karayar aksil ta jawo, injiniyoyi sun daɗe suna mamakin yadda ƙarfe ke karyewa a ƙarƙashin nauyin da ya saba ɗauka. Bajamushe August Wöhler ne, a gwaje-gwajensa na shekarun 1850 da 1860 a kan aksil ɗin jiragen ƙasa, ya nuna cewa ƙarfe yana gajiya. Shaf mai ɗauke da nauyi, duk juyi ɗaya sai kowane gefensa ya miƙe ya kuma matse. Tayar da kewayenta ya kai mita biyu tana juyi 500 a kilomita ɗaya, wato tafiyar kilomita 2,000 ta isa ta lanƙwasa shi sau miliyan. Idan nauyin bai wuce wani mizani ba, ƙarfen zai jure har abin da Allah ya yi. Idan ya wuce, ko da kaɗan, tsaga na farawa daga wani ɗan tabo, ta yi ta ci a ɓoye.

Saboda haka karyayyen shaf shaida ne, kuma abin takaici ne yadda ake saurin jefa shi cikin kayan gwangwan ba a dube shi ba. Fuskar karayar tana faɗin abin da ya faru. Idan wani ɓangarenta sumul ne, da layuka masu lanƙwasa kamar sawun da ruwa ke bari a bakin tafki in ya ja baya, sannan ragowar ta yi kaushi, to gajiya ce: tsagar ta daɗe tana tafiya, kaushin nan shi ne ɗan abin da ya rage ranar da ya ƙarasa. In a wajen boris ta faru, a tuhumi lodi, ko bututun da ya lanƙwashe. In kuwa tsagin bakin shaf na ciki, inda yake shiga giya, ya murɗe kamar igiya kafin ya tsinke, murɗa ce ta yi yawa, a tuhumi inji ko ƙafar direba. In ƙarfen ya yi shuɗi a mazaunin boris, zafi ne: boris ya ƙone, ko an sa wutar walda wajen cire shi. Kowanne da maganinsa, kuma sabon shaf shi kaɗai ba ya cikinsu.

Canjin da ya fi yawa a motocin dako shi ne ƙarin sifirin. An ƙera akori-kura don ta ɗauki tan ɗaya da 'yar ɗoriya, buhun masara goma zuwa goma sha biyu ke nan in kowanne kilo 100 ne. Idan aka wuce haka, gindin mota yakan zauna, kuma zaman nan gargaɗi ne da kowa ke iya gani daga nesa. Sai a je wajen maƙeri a ƙara falle biyu ko uku. Motar ta miƙe, ta yi kyan gani da buhu ashirin. Amma sifirin bai rage ko kilo ɗaya daga abin da ke kan shaf da boris ba. Gargaɗin kawai aka kashe. Har ma an ƙara wani abu, domin sifirin mai tauri ba ya shanye bugun rami, kai tsaye yake miƙa shi. A kan burjin da ke shiga ƙauyukan Doguwa bayan damina wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wani nauyin ya sake shigowa lissafi: tukunyar iskar gas da ake ɗaura wa motocin da aka juya zuwa gas, ƙarfe mai kauri da ke zaune a baya dare da rana, ko da lodi ko babu.

Babbar taya ita ma haka. Ana sa ta don mota ta ɗaga daga ƙasa, kuma dalilin yana da kyau. Sai dai taya hannun sifana ce a kan shaf: idan tsayinta ya ƙaru da kashi goma cikin ɗari, ƙarfin turin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan haka, agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya, direba ya riƙa jan giya ta ɗaya da ta biyu fiye da da. Inji mafi ƙarfi da aka dasa kuwa bayaninsa a fili yake. Abin lura a nan shi ne, ƙarfin shaf wajen jure murɗa yana bin kaurinsa ninki uku: ƙarin kauri na kashi goma cikin ɗari yana ba da ƙarin juriya na kashi 33. Haka ma a juye. Shaf ɗin da aka kai wa mai injin yankan ƙarfe ya ɗan rage shi don ya shiga wani boris ya yi asarar da ta fi abin da ido ke gani, balle ma taurin shaf a fatarsa ta waje yake, inda aka gasa shi a masana'anta. Wanda aka haɗa da walda kuma, ya isa ya fitar da mota daga dajin Falgore zuwa gari kafin dare, amma kada ya kwana biyu a jikinta.

Sai batun canjin bakasil ɗin kansa, inda kalmar "ƙarfi" ke rikita mutane. Idan direba ya ce yana son bakasil mai ƙarfi, yawanci yana nufin mai jan kaya, wato mai yawan haƙoran kirawun a kan na finiyo. A ɗauki mai haƙori 8 da 39, wanda rabonsa 4.88 ne. Ya fi na salun turi da kashi ɗaya cikin huɗu a kowace giya. A hawan duwatsun Riruwai, ko a fita da shinkafa daga fadamar Tudun Wada, wannan alheri ne: mota ta tashi ba tare da an ƙona kuloci ba. Amma a kan tagwayen hanyar Kano zuwa Zariya sai ya biya bashin. A gudun kilomita 100 cikin awa, tayar mita biyu tana juyi 833 a minti. A giya ta huɗu, inda farfela ke juyi daidai da inji, mai 3.89 yana sa inji ya yi kusan 3,250, mai 4.88 kuwa ya haura 4,000. Ƙara ce, zafi ne, mai ne. Shaf ma bai tsira ba, domin wancan 1,100 ya zama 1,400.

A nan ne yanayin yankin ya sa tambayar ta yi wuya. Motar da ke aiki tsakanin Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa hanya biyu take bi a yini ɗaya: kwalta mai santsi wadda ke son bakasil mai gudu, da burji da laka da hawa masu son mai ja. Babu rabon haƙorin da zai gamsar da duka biyun. A ganina mafita mafi hankali ga motar dako ita ce bakasil mai ja tare da giyabos mai giya biyar, irin wanda ya zo da wasu samfuran Fijo 505, domin giya ta biyar tana mayar da abin da aka rasa a kan kwalta. Wanda tsadar mai ta sa ya ɗora bakasil ɗin salun a ƙarƙashin motar buhuna, abin da ya tara a gidan mai zai kai shi wajen mai kuloci.

Akwai wani aibi da ke cikin halittar bakasil. Yana raba ƙarfi daidai-wa-daida, don haka idan taya ɗaya ta hau santsi, ɗayar ma ba ta samun fiye da abin da mai santsin ta iya riƙewa. Ɗaya na wulwulawa, ɗaya na tsaye, mota ba ta motsi. Maganin gaggawa da wasu ke yi shi ne su narke ƙananan giyoyin da walda, tayoyin biyu su zama abu guda. A laka yana aiki, babu musu. Amma mita huɗu da rabin nan na kwana ba su tafi ko'ina ba. Yanzu taya da shaf ne za su shanye su. Mota mara kaya tayarta takan ɗan ja ƙasa ta huce. Mai buhu ashirin a kan kwalta tayarta ba ta sulɓewa, sai shaf ya murɗe. Kuma ƙarfin da aka saba rabawa biyu yana iya taruwa a kan shaf ɗaya. Gyaran gaskiya shi ne bakasil mai taƙaita sulɓi, wanda ke da fayafayan kuloci a ciki, suna barin bambancin kwana amma suna hana taya ɗaya gudu ita kaɗai. Kamfanin Dangel na Faransa, wanda ya riƙa mayar da wagon da akori-kurar 504 masu jan ƙafa huɗu tun farkon shekarun 1980, hanyar injiniya ya bi, ba ta mai walda ba. Samun irin wannan tukunya a kasuwar kayan gyara sai an sha nema, kuma tana son mai na musamman.

Dasa bakasil na wata mota dabam, kamar na Hilux, ya fi kowanne jan hankali, tunda kayansa sun fi samuwa yanzu. Wahalarsa a tsarin Fijo take. A salun da wagon, farfela a cikin bututu take tafiya, kuma a mai miƙaƙƙen bakasil bututun nan ne ke kai turin tayoyi zuwa jikin mota, yana kuma hana bakasil wuntsilawa. In aka cire shi, sai an ƙirƙiro abin da zai yi wannan aiki. Bayan haka ga faɗin ƙafa, ga ramukan notin wili, ga birkin baya da zai iya fin na gaba kamu ya sa mota ta juya gindi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Aiki ne mai yiwuwa a hannun wanda ya iya awo. A hannun wanda bai iya ba, gara tsohon bakasil ɗin Fijo na beljiyam daga Kofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna, a buɗe shi a gaban mai shago, a ƙirga haƙora, a duba ko sun fara ɓarewa.

Shaf na hannu ma yana da ƙa'idarsa. A mirgina shi a kan shimfiɗaɗɗen wuri a ga ko ya miƙe, a duba tsagin bakinsa ko ya fara karkata, a kuma mayar da shi gefen da ya saba, domin ƙarfen da ya shekara yana murɗuwa ta fuska ɗaya ba ya son a juya masa. Idan ɗaya ya karye saboda gajiya, ɗan'uwansa tafiya ɗaya suka yi, lodi ɗaya suka ɗauka. Kuma gutsattsarin ƙarfen da karayar ta zubar suna cikin bututu, sai an wanke, in ba haka ba su za su ci sabon boris.

Ɗauri shi ne inda ake gane oga da yaron gareji. Kirawun da finiyo tare aka goge su a masana'anta har suka saba da juna, ba a auro ɗaya daga wata tukunya. Ratar da ke tsakanin haƙoransu ba ta wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na milimita ba, abin da hannu ba ya aunawa sai agogon awo. Gwani yakan shafa fenti a haƙoran kirawun, ya juya, ya ga inda finiyo ya taɓa: in a tsakiya ne, madalla, in a baki ne ko a gindi, sai ya ƙara ko ya rage siraran wasa har tabon ya dawo tsakiya. Wanda ya tsallake wannan, kukan bakasil zai sanar da shi. Kuka lokacin taka totur da kuka lokacin sakinsa fuskokin haƙori biyu ne dabam, gurnani mai bin gudun mota kuma yawanci boris ne.

Mai shi ne na ƙarshe, kuma shi aka fi rainawa. Finiyon 504 a ƙasa da tsakiyar kirawun yake zaune, don haka haƙoran suna gugar juna, ba birgima kawai suke yi ba. Man giya mai kauri, lamba 90 na ajin GL-5, shi ke jure wannan guga. Baƙin man inji da aka tsiyayo daga wata mota ba ya jurewa. Tsofaffin kanikawa da suka yi zamani da Fijo 404 sun san akasin haka, domin salun ɗinta faifan tagulla gare shi, wanda irin wannan man ke iya ci, shi ya sa take da nata man dabam. Ga motar da ke tsallaka rafi da damina akwai ƙarin abu: tukunyar da ta yi zafi in ta shiga ruwan sanyi, iskar cikinta takan tsuke, ta zuƙo ruwa ta ƙofar numfashinta ko ta bakin sil. A kwance notin a duba bayan kowace irin wannan tafiya. In man ya koma kalar koko, a zubar da shi ranar, kafin a ɗora buhu ko ɗaya.